Ƙwayar Safe ta Kawu Falih

Kawu Falih, yayan mahaifiyata, ya shekara arba'in yana hawan dabino a Abul Khasib, garinmu da ke kusa da Basara, ko targaɗe bai taɓa yi ba. Ni ce likitar da ta fara rubuta masa magani a rayuwarsa.

Lokacin ban fi wata huɗu da kama aiki a ƙaramin asibitin garinmu ba. Da hunturu ne, ya rako matarsa, Inna Najiya, na ce shi ma ya miƙo hannu in auna. Jininsa ya hau sosai.

"Kawu, hawan jini gare ka."

"Ke dai tun kina rarrafe aikinki ke nan, neman aibina," ya ce yana dariya. "To rubuto, Likita. Wa zai ƙi maganin 'yar ƙanwarsa?"

Muna da littafin ƙa'idojin magani da manyan likitocin duniya suka tsara, aka juya mana shi zuwa Larabci. Na haddace shi tun a makaranta. Ga mai jini irin na Kawu, cewa ya yi a ba shi ƙwaya biyu, ɗaya mai sa yawan fitsari, kuma ya rage gishiri. Haka na yi. Babu layin da ya ce a tambayi mara lafiya sana'arsa, ni ma ban yi tunanin hakan ba, alhali da dabinonsa aka raine ni.

Kawu ya bi umarnina sau da ƙafa. A wurin mai shayi ma sai ya zaro ƙwayar ya nuna wa abokansa. Inna ta daina sa gishiri har a gasasshen kifi.

Sai zafin Agusta ya shigo, wanda ke nunar da dabino, iska ta tsaya, riga na jiƙewa tun kafin hantsi. Wata Talata ya leƙo ofishina.

"Afrah, idan na miƙe sai in ga duhu."

Na zaunar da shi ƙarƙashin fanka, ya huta, na auna. Lambar ta fito daidai yadda littafi yake so. Har daɗi na ji.

"Lafiyarka ƙalau, Kawu. Ka ƙara shan ruwa, kada ka fasa maganin."

Bayan kwana tara jiri ya ɗebe shi yana saman bishiya, daidai lokacin da yake matsar da igiyar da ke kugunsa, ya faɗo ƙasa.

A babban asibiti a Basara aka ce bayansa ya karye, ƙodarsa kuma ta tsaya, don jikinsa ya daɗe da bushewa. Wata tsohuwar likitar ƙoda, Dakta Sabiha, ta juya kwalin maganin a hannunta, ta tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni ce.

"Ba ki saɓa wa littafi ba," ta ce a hankali. "Amma ni da zarar zafi ya kama nake cire wa manoma da magina wannan ta fitsarin. Mutumin da ke zubar da gumi tun asuba, me ya rage a jikinsa da za a matse?"

"A ina aka rubuta haka?"

"Ba a rubuta ba, 'yata. Gani muka yi ta yi har muka koya."

Kwana shida Kawu ya yi kafin ya rasu. A rana ta huɗu ya farfaɗo, ya ganni a gefen gado ina kuka.

"Kada ki ce wa uwarki magani ne," ya ce. "Ki ce tsufa ne. Ai na tsufa ɗin."

Ban iya rufe maganar ba. Bayan an share makoki na faɗa wa mahaifiyata da Inna komai. Mahaifiyata ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da ni.

Ni da Dakta Sabiha muka shiga bin asibitocin karkara muna tattara sunayen masu aikin rana da suka faɗi ko ƙodarsu ta lalace da zafi. Mun samu ɗari da goma sha bakwai. Muka kai gaban kwamitin da ke duba littafin don amfanin yankinmu. Wani farfesa ya ce mu su waye da za mu gyara wa duniya rubutu. Dakta Sabiha ta gayyace shi Abul Khasib da azahar a watan Agusta. Bai zo ba, amma bai sake musu ba.

Sai da aka shekara biyu aka ƙara layi biyar: a tambayi sana'a, a auna jini a zaune da a tsaye, a sake duba magani kafin zafi.

Ranar da sabon bugu ya iso na kai wa Inna Najiya. Ba ta iya karatu ba, don haka na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan shafin.

"Sunansa na ciki?"

"A'a, Inna. Ba a sa suna."

Ta rufe littafin ta miƙo mini.

"To, Allah Ya amfana wa na baya," ta ce. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar ni a tsakar gida.