A Tsaya Bakin Gada

Shekara goma sha huɗu na yi ina bin jirgin ƙasa na ƙarfe shida da kwata daga Boyarka zuwa Kiev, lokacin ina dafa wa yara abinci a wata makarantar reno a tsallaken kogi. Jirgin kan iso mana a cike tun daga Fastiv, sai dai mu sa kafaɗa mu kutsa. In mun sauka a babbar tasha, sai gudu ta ƙarƙashin ƙasa mu kama layin marshutka, 'yar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa. Kujerunta goma sha takwas ne, amma ban taɓa ganin ta tashi da ƙasa da mutum talatin ba.

Mu da muke wannan zirga-zirga mun san fuskokin juna kamar yunwar cikinmu, amma ba ma gaisawa. Haka garin yake. Ni kaɗai nake karya doka, don bakina ba ya zama haka kawai. Marigayi mijina yakan ce, "Orisya, ranar da kika mutu sai an binne harshenki daban, in ba haka ba maƙwabtan kabari ba su ga ta hutu ba."

A cikin waɗannan fuskoki akwai Yarema Lukich, wani dogo mai farin gashin baki da baƙar kwat, kullum a goge. Gyaran sikeli yake yi a wata 'yar ma'aikata da ke gangare, daf da gada. Babu tasha a wurin. Direba ba ya tsayawa sai an yi magana, har an rubuta a saman gilashin gaba cewa mai raɗa a tsallake yake sauka. Kuma gaskiya ne. In aka wuce wurin, babu birki sai an haye kogin, gadar kuwa ta fi kilomita ɗaya da rabi, dawowa a cunkoson safe sai ta ci wa mutum minti arba'in.

Shi dai wannan bai taɓa damun Yarema ba. A coci yake waƙa ranar Lahadi, muryarsa kamar ganga. Ko an matse shi a can ƙuryar baya, in ya ce, "A tsaya bakin gada," har ƙarfen da muke riƙewa sai ya amsa. Ni da nake gyangyaɗi a tsaye kamar doki, da wannan muryar nake farkawa in lalubi jakata.

Da kaka ta shigo a wata shekara, sai muka daina ganinsa. Wata biyu cur. Ya dawo farkon sanyi, ya rame, da mayafi naɗe a wuya har haɓa.

Ranar Litinin ce na lura. Yana can baya, don duk wanda ya riga shiga, turawa ake yi da shi har ƙurya. Direbanmu Miron ya ƙure rediyo kamar kullum. Da muka fara gangarowa, sai na ga Yarema ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ya ɗauki kwabo ya ƙwanƙwasa ƙarfe, kiɗa ya haɗiye ƙarar. Gidan burodin da ke wurin an rufe shi da bazara, don haka ba mai sauka sai shi. Motar ta hau gada. Ya rufe bakinsa a hankali, ya gyara mayafi, ya kafa wa ruwa ido.

Washegari a jirgi na matsa kusa da Mokrina, maƙwabciyarsa, wadda ke kai cuku kasuwa. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ciwo aka samu a maƙogwaronsa, likitoci suka cire abin maganar gaba ɗaya, yanzu ta wata 'yar kafa a wuya yake numfashi. Ta ce mai ma'aikatar ya rasu, ɗansa ya gaje shi, yaron kuwa neman dalili yake ya sallami tsofaffi. Ya gaya wa Yarema cewa makara uku, shi ke nan. Saura masa wata goma sha ɗaya ya kai fansho, kuma ya riga ya ci biyu. Na ce to me zai hana ya rubuta wa direba? Mokrina ta taɓe baki, ta ce mutumin da ko ita bai yarda ta kai masa miya ba tun da aka sallamo shi?

Na ce a raina ai wannan mai sauƙi ne, abin da Allah ya hore min ke nan. A ranar, muna fara gangarowa na cika ƙirji na ce, "Direba, tsaya bakin gada, akwai bawan Allah mara lafiya a baya, ba ya iya magana."

Motar ta tsaya kam. Amma kawuna talatin suka juya lokaci ɗaya. Wata mata ta miƙe tana ba shi kujera alhali sauka zai yi. Wani ya riƙe masa gwiwar hannu yana cewa sannu Baba, a hankali. Aka dare masa hanya yadda ba a taɓa dare wa kowa ba. Ya wuce ta gabana kunnuwansa jajur, bai dube ni ba. Ni kuwa har ina jin daɗi, wai na yi aikin lada.

Ranar Laraba babu shi a layi. Muna cikin tafiya na hango shi ta taga, yana tafe a ƙasa cikin ruwan ƙanƙara, hannu ɗaya dafe da mayafi, yana sauri kamar ana korarsa. Tafiyar minti hamsin ce daga babbar tasha. Alhamis ma haka.

Mokrina ta wanke ni tas a jirgi. Ta ce likita ya gargaɗe shi da iskar sanyi, don yanzu kai tsaye take shiga huhunsa, babu hancin da zai ɗumama ta. Ta ce daren jiya ta katanga take jin tarinsa.

"Ke da wannan bakin naki, Orisya. An ce ki rufa wa mutum asiri, kin ɗauko lasifika."



Ƙarya na shirya, ba zan ɓoye muku ba. Ranar Litinin na ja Mokrina muka tsaya inda zai ji mu, na shiga ba ta labari da ƙarfi cewa an mayar da ni wani sabon reshe a wannan gefen kogin, daf da gada, yanzu kullum a nan zan riƙa sauka. Har mita na yi, wai kicin ɗin ƙarami ne, tukwanen duk sun lotse. Yarema yana kallon taga kamar bai ji ba. Amma da muka isa layin marshutka, sai ga baƙar kwat a bayana.

Da muka gangaro na ce, "A tsaya bakin gada," ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na sauka, ya sauka. Ya bi gangare, ni kuma na kewaya bayan wani kiyos, 'yar rumfar sayar da jarida, na laɓe har ya ɓace. Sannan na dubi gadar. Babu motar da za ta ɗauke ni a wurin, duk a cike suke wucewa. Na ɗaure koren ɗankwalina na kama hanya.

Ban san gadar nan tana da tsawo haka ba sai da na taka ta. Iskar kogin Dinipro tana shiga ta hannun riga ta fito ta wuya. Gwiwata ta hagu, wadda dama mun daɗe ba ma shiri, ta fara yi min tsiya tun a tsakiya. Na isa aiki a makare da minti ashirin, abokiyar aikina ta riga ta ɗora kunun yara, ta harare ni. Haka na yi kwana tara.

A rana ta tara, na kewaya bayan kiyos sai na iske shi tsaye yana jirana, da ɗan littafi da fensir a hannu. Ya rubuta, ya miƙo min: Tagar wurin aikina gada take kallo.

Na fara zuba, wai ai likita ne ya ce in riƙa motsa jiki, wai iskar kogi magani ce. Ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya sake rubutawa: Ba na son tausayi, Orisya Danilivna. Gobe zan koma tafiya a ƙasa.

Nan raina ya ɓaci.

"To koma mana, Yarema Lukich. Ka tafi a ƙasa sanyi ya kwantar da kai, yaron nan ya samu abin da yake nema, wata goma sha ɗaya su bi ruwa. Sai ka soya girman kan ka ci da dankali. Wai kai ba ka son a taimake ka. Kuɗin motarka hannu nawa yake bi kafin ya kai wurin Miron? Shekara goma sha huɗu kana dafa kafaɗar baƙo ya miƙa maka, canji ya dawo ta hannun wani baƙon, ka taɓa jin kunya? Motar nan gaba ɗayanta a kan hannun mutane take tafiya."

Ya tsaya yana kallona, numfashinsa yana ɗaga mayafin kaɗan-kaɗan. Ya duba agogo, ya sa littafin a aljihu, ya gangara. Na haye gada ina zagin kaina, na ce shi ke nan, na sake ɓatawa.

Washegari na duba layi. Yana nan. Aka tura shi baya kamar kullum, ni na maƙale kusa da ƙofa. Motar ta tashi, kuɗi suka fara tahowa gaba. Sai na ga wani abu fari yana biyo su, kuma duk hannun da ya shiga sai ya ɗan daɗe. Wata ɗaliba mai gilashi ta duba ta miƙa wa wani soja, soja ya duba ya miƙa wa wani mai tumbi da sandar kamun kifi, shi kuma ya dafa kafaɗata. Takarda ce a buɗe, an ɗora kuɗin mota a kanta, da rubutu mai kyau kamar na malamin makaranta:

Ni ne na baya mai baƙar kwat. An yi min aiki a maƙogwaro, ba ni da murya. Bakin gada nake sauka kullum. Na gode. Matar nan mai koren ɗankwali ba a nan take sauka ba, kada a bar ta ta sauka.

Na miƙa wa Miron. Ya karanta da muka tsaya a jar wutar hanya, ya leƙo ni ta madubi.

"Goggo, ashe kwana tara kina cin amanata. Na ce wane irin aiki ne a bayan kiyos."

"Kalli hanya, ɗan nan, kafin ka kai mu lahira da wannan kiɗan naka."

Ya soke takardar a bayan hoton waliyyin da ke manne a gabansa, ya ja mota.

Abin da na fi lura da shi, ba wanda ya waiwaya. Duk sun karanta, duk sun san wane ne, amma kowa ya mayar da idonsa taga ko ƙeyar na gabansa. Shekara da shekaru ina ganin wannan shirun na mutanen birni rashin zumunci ne. Ran nan na ga ashe wani lokacin mayafi ne suke rufa wa juna, ni ce na yaye shi da farko.

Muka fara gangarowa. Wayar Miron ta yi ƙara, ya maƙale ta a kafaɗa yana faɗa da wani a kan taya. Bai rage gudu ba. Ga kiyos can yana matsowa. Maganar ta taho min har bakin haƙora, na cije ta. Na san in na furta, takardar ta tashi a banza, ya koma mutumin da wata tsohuwa take yi wa magana. Amma in aka wuce, ta uku ke nan. Ban taɓa riƙe abu mai nauyin wannan shirun ba.

Sai ɗalibar nan ta ce, da 'yar siririyar murya, a tsaya bakin gada. Rediyo ya danne ta. Sojan ya maimaita da ƙarfi, mai kamun kifi ya ɗora nasa a kai.

"Na ji, na ji, an ce muku kurma ne ni?" in ji Miron, ya taka birki har muka faɗa kan juna.

Yarema ya kutso kamar kowa, ana ture shi yana turewa, har wani ya yi masa tsaki don ya taka masa ƙafa. Da ya zo wucewa ta gabana na ɗan motsa, don jiki ya saba. Mai kamun kifi ya gitta sandarsa a ƙofa, bai ko dube ni ba. Yarema ya sauka, ya taɓa bakin hularsa, ya duba agogo, ya bi gangare ba gaggawa.

Direbobi suna canzawa, don haka ya yi ta rubuta sabuwar takarda kowace safiya har wajen Kirsimeti. Bayan nan ba a buƙata, kullum akan sami wanda zai faɗa, wani lokacin ma wanda ban taɓa gani ba. Ya kai watansa goma sha ɗaya, ya karɓi fanshonsa, ya koma kiwon zuma a Boyarka. Har yau ba mu taɓa zama mun yi hira ba, ko da yake in mun haɗu a kasuwa ni nake yi, shi yana gyaɗa kai.

A ranar takardar farko dai, da motar ta hau gada, wani ya tashi daga kujera ya tsaya, na samu na zauna. Na miƙe gwiwata ta hagu, na leƙa ta taga ina neman wace ce tagarsa a cikin gine-ginen gangaren. Ban gane ta ba, amma na ɗaga hannu ko da yana kallo.