Ƙofar Hajiya Tasalla

"Hoto ba shaida ba ne, Madam Roda."

Malam Zaharaddeen ya turo mata takardun da ɗan yatsa ɗaya, bai ko ɗago kai ba. Shi ne jami'in da ke duba ƙorafi a ofishin haraji na Malumfashi. Wata huɗu ke nan da kawo shi, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa.

"Yallaɓai, lissafin ke nan gaba ɗaya. Na ɗauki hotonsa, na kuma kwafe shi a takarda layi-layi."

"Ke kika kwafe. Ni abin da aka ce shi ne mai ƙorafi ya kawo ainihin abin da yake lissafi a kai. Ainihi. Ai kina jin Hausa."

"Hajiya Tasalla ba ta da littafi. A bayan ƙofar sitonta take rubutawa."

"To, ba ta da lissafi ke nan." Ya dubi agogon bango. "Ƙarfe huɗu muke tashi, kuma yau wa'adinta ke cika. Na gaba!"

Roda Micah ta tattara takardunta ta fito, ranta a jagule. Shekara tara ke nan tana cike wa mutane takardun haraji a wani ɗan shago kusa da tashar Malumfashi, kuma babu irin wanda ba ta gani ba. Mutanenmu kuwa sai a hankali. Su shekara suna barci, sai watan Maris ya zo ƙarshe su cika mata shago kamar ana rabon taki. Wani ya kawo rasitai a ledar burodi, manja ya cinye rabi. Wani ya manta lambar wayar da ya yi rajista da ita, ya tsaya yana zazzaga mata masifa kamar ita ta sace masa layin. Shekaranjiya wani Alhaji mai tirela uku ya rantse mata shi ɗan dako ne. Ga wuta babu, ga sabis ɗin waya ya tafi yawonsa. Duk wannan ta saba da shi, ba ya hana ta cin tuwo. Amma maganar Hajiya Tasalla ta tsaya mata a wuya.

Hajiya Tasalla tsohuwa ce mai sito a bakin kasuwar Kafur. Ba wata attajira ba ce, ajiya take yi. Manoman Gozaki da ƙauyukan kusa, waɗanda suka daina barin hatsi a rumbu saboda ɓarayi, su ke kawo mata masararsu bayan kaka, ta ajiye, su ba ta ɗan abin da ya samu a kan kowane buhu. Watan jiya mai ƙiyasin haraji ya leƙa siton, ya ƙirga buhu ɗari huɗu da goma sha biyu, ya rubuta su duka da sunanta. Nata a ciki talatin da ɗaya ne kacal. Sai ga takarda da kuɗin da ko siton ta sayar ba zai biya ba, da gargaɗin cewa in kwana talatin suka cika ba ta biya ba, ba ta kuma kawo hujja ba, za a garƙame wurin. Da masarar mutane a ciki fa! Ga damina na matsowa, kowa jira yake farashi ya ɗan ɗaga ya sayar ya sayi taki. Har mahaifin Roda yana da buhu shida a can. Ita kuwa Hajiya, da takardar ta zo, sai ta ninke ta ta cusa ƙarƙashin katifa har kwana ashirin da bakwai, wai tana jira ta huce.

Roda ta tsaya a inuwar darbejiyar da ke gaban ofishin. Sha ɗaya da rabi, rana tana dukan ƙasa kamar ta yi mata laifi. Ta yi ƙwafa.

"Ainihi ko? To, za ka ga ainihi."

Ta kira Malam Awaisu, wani dattijo mai akori-kura da ke jigilar hatsi tsakanin Kafur da Funtua. Da ta gaya masa kayan da za a ɗauko sai ya ce, "Madam, lafiyarki kuwa?" Ta ce ƙalau take, ya zo kawai.

Sun iske Hajiya Tasalla zaune a bakin sito tana tsince gyaɗa a faifai.

"'Yar Micah, kin dawo? Sun haƙura?"

"Ba su haƙura ba, Hajiya. Ƙofar suke so su gani."

"To su zo mana, ga ta nan. Ko an ɗaure musu ƙafa ne?"

"Ba za su zo ba. Mu za mu kai musu."

Tsohuwar ta ajiye faifan. Ta dubi Roda, ta dubi ƙofar, ta sake duban Roda. Sai ta fashe da dariya har da dafe ciki.

"Kai, jinin Micah! Ubanki ma haka yake, in ya kafe sai ka ce turke. Cire ta. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye wuri guda, ita ma ta je ta ga gari."

Ƙofar ta ƙarfe ce, shuɗiya, doguwa. Daga waje ba a ganin komai sai tsatsa. Bayanta kuwa cike yake da alli daga sama har ƙasa. Hajiya ba ta yi boko ba, don haka kowane mai ajiya alama take yi masa da abin da ta ga dama. Wannan keke, wancan kunne babba, wata mata tulu. Mahaifin Roda tabarau ne. A gaban kowace alama akwai layuka, layi ɗaya buhu ɗaya, in an ɗauka ta soke shi. Nata alamar carbi ce, can ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa yin gardamar buhu ɗaya a siton nan ba.

Masu dako huɗu suka ɗaga ƙofar sama ta fita daga mariƙinta. Nan fa Roda ta koma 'yar sanda.

"Kada wanda ya taɓa cikin! Ta gefe za ku riƙe! Kai mai jar riga, gumi kake yi, janye kafaɗarka! Wallahi in ka goge min layi ɗaya sai ka biya buhu."

Malam Awaisu ya so ya kwantar da ita ya lulluɓa tamfol. Roda ta ce sam, tamfol zai shafe allin. Aka tsayar da ƙofar a bayan mota aka ɗaure da igiya ta gefe-gefe, ita kuma ta naɗe zaninta ta haye baya ta riƙe. Hajiya ta ja kujerarta ta dasa a tsakiyar inda ƙofar ta bari, ta ci gaba da tsince gyaɗarta.

Tafiyar da ake yi cikin minti ashirin ta ci musu kusan awa guda, don duk ramin da suka shiga sai Roda ta buga rufin mota ta ce a yi a hankali. 'Yan acaɓa suna wucewa suna tambaya ko ƙaura ake yi. Hannuwanta suka yi tsami, ƙarfen ya yi zafi har yana ƙona tafinta, amma ba ta saki ba.

Uku saura kwata suka tsaya a gaban ofishin. Ranar ƙarshe ce ta shigar da takardun haraji, layi har bakin titi. Mai gadi ya taso da sandarsa.

"Ina za a kai wannan? Nan ba wajen masu walda ba ne."

"Littafin lissafi ne," in ji Roda. "Malam Zaharaddeen ya ce a kawo."

Masu layi suka dare da kansu, don kowa na son ganin ƙarshen abin. Mutum biyu daga cikinsu ma suka kama wa Malam Awaisu. Da ƙyar ƙofar ta shige ta ƙofar ofishin, a karkace, aka jingina ta da bango ta rufe rabin taga.

Wannan karon Malam Zaharaddeen ya ɗago kai.

"Mene ne haka?"

"Ainihi, Yallaɓai." Roda ta ajiye kwafinta a kan tebur. "Ga abin da na rubuta, ga inda na kwafo. A gwada."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya. Fuskar jami'in ta ƙara haɗewa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga idanu sun fi talatin a kansa, sai ya miƙe. A gaskiya mutumin ba azzalumi ba ne, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa, kuma yau ya gamu da gamonsa. Ya ɗauki takardar ya tsaya gaban ƙofar.

"Wannan keken fa?"

"Malam Isah na Gozaki. Buhu sha huɗu, ya ɗauki biyu, saura sha biyu. Ga lambar wayarsa nan a shafi na biyu."

Ya ƙirga da bakin biro ba tare da ya taɓa ba. Sha biyu. Ya kira lambar, ya saka a fili kowa na ji. Muryar wani tsoho ta ce ƙwarai kuwa, sha biyu ne, kuma wane ne ke tambayar masararsa? Ya gwada tulu, ya gwada kunne, ya gwada tabarau. Ko'ina lissafi ya zauna daram. Da ya kai kan carbi ya ƙirga talatin da ɗaya, sai ya koma ya zauna.

Roda ta fara sakin numfashi. Ashe da sauran rina a kaba.

"Na karɓi ƙorafin," in ji shi, yana gyara takardu. "Ba za a rufe siton ba sai an gama bincike. Amma kin san ƙa'ida, tunda ke ma'abociyar ƙa'ida ce. Ainihin shaida a hannunmu take zama har a kammala. Mako biyu." Ya dube ta ido cikin ido. "Ko kuwa za ki ɗauki abinki ki janye?"

Gaban Roda ya faɗi. Mako biyu sito a buɗe, da buhu ɗari huɗu na mutane a ciki, a wannan zamanin da ko akuya ba a bari a waje? Ita ta jawo wannan da taurin kanta. Ta ji kunya ta kama ta, ta ji tsoro. Ta fita bakin baranda ta kira Hajiya, ta gaya mata komai.

"Hajiya, ki yafe ni. Ban zaci haka ba."

"Sun ce za su riƙe?"

"E."

"To ki karɓo rasit." Ƙit, ta kashe wayar.

Roda ta tsaya tana kallon wayar. Sannan ta goge fuska da gefen mayafinta ta koma ciki.

"Ku riƙe, Yallaɓai. A ba ni rasit."

"Rasit na me?"

"Na abin da kuka karɓa. A rubuta: ƙofa ɗaya, ta ƙarfe, shuɗiya, da alamomi hamsin da uku a bayanta, duka lafiya lau. A sa hannu a buga hatimi." Ta matso da littafin rasit ɗin gabansa da ɗan yatsa ɗaya. "Kuma a ja kunnen mai shara. Alli ne. In layi ɗaya ya goge, a hannunku ya goge, kuma mai buhun zai zo nan ne, ba Kafur ba."

Malam Zaharaddeen ya dubi ƙofar da ta tare masa iska, ya dubi fankar da ke kaɗawa kusa da ita. Ya miƙa hannu ya kashe fankar. Sannan ya rubuta, ya buga hatimi. Huɗu saura minti goma.

La'asar sakaliya suka isa Kafur. Tun daga nesa Roda ta hango mutane a bakin siton. Da suka matso ta ga tabarmi ne a shimfiɗe. Malam Isah mai keke ne ya baza labari bayan wayar da aka yi masa. Manoma sun kai goma, kowa da gorarsa, suna ta gardamar wa zai fara tsaro, wa zai karɓe shi. Mahaifinta na cikinsu, tabarau a kan hanci, yana rubuta sunaye a bayan kwalin sukari.

Hajiya Tasalla ta karɓi rasit ɗin ta jujjuya shi, duk da ba ta iya karantawa.

"Da suka ce za su garƙame, yanzu me za su rataya wa kwaɗon?" Ta soke takardar a haɓar zani. "'Yar Micah, shi mutumin nan, yaya kamanninsa yake?"

"Ba ya dariya."

"Wannan ba kama ba ce, rabin garin nan haka suke. Me yake yi?"

Roda ta yi tunani, sai ta miƙa ɗan yatsa ɗaya ta tura iska, kamar yadda ya turo mata takardun da safe.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta ciro guntun alli daga ɗaurin kallabinta. A jikin bango, dab da inda ƙofar take tsayawa, ta zana ɗan yatsa. A gabansa ta ja layi ɗaya.

"Hajiya, wannan kuma na mene ne?" in ji Baba Micah.

"Ajiya ce," ta ce, tana karkaɗe hannu. "Ranar da ya dawo min da ita, na soke."