Shayin Gwaggo Holida

Saura ƙiris Dilrabo ta fasa rubuta takardar. Sau uku tana yagawa, don karatunta bai yi nisa ba. Ta huɗun ta naɗe, ta cusa a hannun riga, kusa da ƙunar da tanderun burodi ya yi mata.

A asibitin unguwarsu da ke birnin Margilan, Gwaggo Holida, yayar babanta, ce ta karɓe bayani kamar kullum.

"Likita, shagwaɓa ce kawai. Ƙwayar safen da kika ba ta ba ta tsinana komai ba. Mu a zamaninmu wa ya san wata damuwa?"

"Dilrabo, ke fa?" in ji Likita Sayyora.

Tun Dilrabo tana ƙarama, in babba na magana ƙasa take kallo. Sai ta zaro takardar, ta miƙa. Likita ta karanta a fili:

"Maganinki ya rage min faɗuwar gaba, amma ya hana ni barci. Gwaggo tana ba ni ƙwayar barcinta, da ɗaya, yanzu biyu. Da safe kaina kamar an cusa auduga. Na faɗa jikin tanderu. Inna ta hana ni gashin burodi. Ina so in koma."

Likita ta cire tabarau. "Gwaggo, wannan ƙwayar kama jiki take yi."

"To, taimako ya zama laifi? Duk layinmu ni nake ba su!"

"Layinku ma zan zo kansa."

Ta sauya wa Dilrabo magani da wanda ake sha da yamma, mai sauƙaƙa damuwa ya kuma kawo barci. Ƙwayar barcin kuwa ba a yanke ta rana ɗaya. Ta rubuta mata tata ƙwayar, da yadda za ta riƙa ragewa mako-mako.

"Daga hannun kowa kada ki ƙara karɓa."

"Tanderu fa?" Dilrabo ta ji muryarta ta fito, har ita kanta ta yi mamaki.

"Ranar da kika daina tangaɗi da safe, naki ne."

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso gidansu, ƙwayoyinta ƙulle a hankici.

"Likitocin yanzu! Ungo, 'yar nan, ɓoye abinki."

Dilrabo ba ta miƙa hannu ba. Ta ɗauko butar shayi. Shekara da shekaru kurɓi uku take zuba wa Gwaggo a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe a al'adar garinsu. Yau ta tsiyaya har ya cika fal, ta miƙa da ladabi, hannun hagu a ƙirji.

Gwaggo ta juya wajen Inna. "La'ila! Hulkar, kin ga 'yarki? Ni ake sallama?"

Inna ta rufe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na girgiza don dariya.

"Sha da zafinsa, Gwaggo," in ji Dilrabo.

Ta naɗe hannun riga har sama da ƙunar, ta jawo kwanon kwaɓi.