Fatar Inna Furera

"Kar ki fizge!" in ji Sista Rashida, ta riƙe mini hannu. Amma na riga na ja. Filastar ta taso da fatar Inna Furera, bororo biyu suka fashe a gefen ɗinkin, ruwa ya gangaro kan zanen gado.

Inna ba ta yi ƙara ba. Haƙora kawai ta cije.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Ƙofar Marusa. Santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin ƙugu ya karye, aka yi mata tiyata. Da aka sallamo ta, ɗanta Ɗanjuma ne kaɗai a gidan, sai jinyar ta dawo hannuna. Sista, ma'aikaciyar asibiti ce a layinmu, takan biyo in ta tashi aiki.

"Talatu, matso," in ji Inna. "Shekara arba'in ina yi wa matan unguwar ga wankan gawa. Na ga waɗanda jinya ta ɗaye wa fata kamar dafaffen dankali. Mai wanke ni ba za ta ishe haka ba. Kin ji ko?"

"Inna, mi ya kawo zancen wanka? Tashi za ki yi."

"Tashin na Allah ne. Fatar ce taki."

A ranar Sista ta zaunar da ni. Ta ce fatar tsoho ba ta da ƙwari, ga ƙafar tana kumbura bayan tiyata. In aka ja filasta ta miƙe kafin a manna, kumburin na tasowa sai ta riƙa jan fatar har ruwa ya taru. A ɗora ta sakwa-sakwa, bisa tsawon ƙafa. Wajen cirewa a jiƙa da ruwan ɗumi, a danne fatar da yatsa, a bi da filastar kwance. Bororon da bai fashe ba a ƙyale shi.

Na gwada a cinyata har sau bakwai kafin na sake taɓa Inna.

Zafin bazara ya so ya karya ni. Gumi kan saki filastar, Ɗanjuma ya ce a ƙara wata a kai, a ɗaure tamau.

"Ba a jikinta ba," na ce. Na sa ya fitar da gadon zuwa rumfa, na rage filastar zuwa 'yan guntaye, sauran na naɗe da bandeji. Kullum da hantsi nakan duba gefen ɗinkin, in canza wurin mannawa.

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki, rediyon kowane gida na ta surutu, maza sun cika zaure suna gardamar ko farar hula za su daɗe. Ni ina durƙushe da kwanon ruwan ɗumi. Na ɗaga audugar: ɗinki ya kame, tsofaffin gyambunan sun bushe, babu sabo ko ɗaya. Inna ta kai hannu ta shafa wurin da kanta.

"To, madalla," ta ce. "Kin iya."

Kwana tara bayan nan numfashinta ya sarƙe. Kafin Ɗanjuma ya samo mota, ta cika, ana kiran la'asar.

Ni da Sista muka wanke ta. Ban taɓa wankan gawa ba, amma na bi fatar a hankali, ba inda ta ɗaye.

Washegari da safe, muna zaman makoki a tsakar gida, aka yi sallama. Mati mai walda ne daga Ƙofar Durbi, ɗauke da sandunan ƙarfe biyu da Ɗanjuma ya sa ya ƙera mata don koyon tafiya. Labari bai kai masa ba. Ya dubi tabarmin, ya dubi matan, ya cire hula. Sai ya jingine sandunan a bango a hankali, fentinsu bai gama bushewa ba.