Ruwa Ya Zauna

Gidan rediyon Bakin Gada FM ɗaki biyu ne da dogon ƙarfe a bayan garin Wudil. Wani Honarabul ne ya gina shi ana gab da zaɓe, don talakawa su sami inda za su faɗi ra'ayinsu, in ji shi ranar buɗewa. Da ya ci zaɓen sai ya lura talakawa sun riga sun faɗi abin da ake bukata, ya sallami ma'aikata, ya bar kwamfuta guda a ɗakin ciki tana juya abin da aka zuba mata: waƙoƙin yabonsa, tallan maganin basir, da tsofaffin shirye-shirye. In an kawo wuta ta tashi ta ɗora daga inda ta tsaya. In an ɗauke ta yi shiru a tsakiyar kalma. Janareta na nan a tsakar gida, an lulluɓe shi da buhuna, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

A cikin gari ana kama tashar tas. A ƙauyen Dagumawa sai an zaro eriya duka. A Achika kuwa sai mutum ya riƙe eriyar da hannu, kuma kada ya yi atishawa.

Malam Haladu malamin gona ne mai ritaya. Ya bar aiki ba gida a Kano, ba mota, sai tsohon babur da abu guda da yake taƙama da shi: in ya ce a yi shuka, ana yi. Ba a sauƙaƙe ya samu wannan ba. Tun da damina ta koyi yin ruwa ɗaya ta tafi yawo, shi ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya yana hana manoma bin ruwan farko. "Kada ya ruɗe ku," yake ce musu. "Ni ina da labarin masu hasashen yanayi. Ku jira sai kun ji daga bakina." Sun yi masa gardama shekaru, sun yi asara shekaru, sannan suka sallama.

Da aka buɗe gidan rediyon aka ba shi fili duk mako, babur ya huta. A shekarar ƙarshe kafin a kori ma'aikata, ruwa ya sauka da wuri kuma da gaske, shi kuma ya shiga ɗakin naɗa murya cike da farin ciki ya sanar. Bai faɗi rana ba, bai faɗi shekara ba. Wa ke faɗin shekara in yana magana da mutanen da yake ganin suna gabansa?

Bayan kora, kwamfutar ta ci gaba da sako shi yana bayanin taki da tsutsar kara, mutanen ƙauye suna zaton har yanzu yana zuwa aiki. Bai ga dalilin gyara musu zato ba. Akwai daɗi a tare ka a kasuwar Juma'a a ce an ji ka jiya. Da irin wutar da ake samu, sai da aka shekara biyu kafin layi ya zo kan wancan shirin.

Ya zo ne washegarin ruwan farko na bana, wanda ya riga lokacinsa da kusan wata guda. Talatu, matarsa, na dama koko a madafa, rediyo a kan kujera 'yar tsugunne.

"Malam, ga ka can kana ta magana."

"Me nake cewa yau?"

"Ka ce a fito da iri."

Ya fito da buta a hannu. Muryarsa ce, ta fi ta yanzu ƙarfi, ta wanda ake biya albashi. "Jama'a, bana ruwa ya zauna da wuri. Wanda ya jira mako mai zuwa ya makara. A fito da iri, a yi bisimilla."

Ya ajiye butar. A bana wata ƙungiya ta raba wa manoman Achika ingantaccen irin gero mai saurin nuna, kowa ɗan ƙulli guda, an kuma gaya musu babu na biyu. Shi ya tsaya musu aka ba su. Ya kira Garzali, ƙanin Talatu da ke noma a can, wayar a kashe.

"Tana wajen mai caji," in ji Talatu. "Ka sha kokon mana."

Bai sha ba. Ya tayar da babur ya nufi gidan rediyon, don ya san kwamfutar ba ta wuce shiri sai ta maimaita shi har ya gundure ta.

Maikano, maigadin wurin, na zaune a gindin dalbejiya da tasa rediyon a cinya, yana sauraren wata tasha ta Kano. Suka gaisa: kwana, gajiya, iyali, ruwan jiya. Maikano ba ya yarda a tsallake ko ɗaya.

"Ba ka ji abin da gidanku ke watsawa ba?"

"Ni ba na jin tamu, Malam. Yankewa take."

"Buɗe min ɗakin cikin."

"Makulli na wajen Injiniya Tasi'u."

"Yana ina?"

"Kano. Ko Kaduna. Jiya dai da na kira shi na ji ƙarar mota."

"To kashe wutar daga mita."

Maikano ya rage sautin rediyonsa, abin ya zama babba. "Honarabul ya ce duk wanda ya kashe gidan nan ɗan adawa ne."

"Honarabul ya sauya jam'iyya sau biyu tun da ya faɗi haka."

"Ai shi ya sa ban san wa zan bari ya kashe ba."

Suna cikin haka fankar da ke huci ta tagar ɗakin ta yi tari ta tsaya. An ɗauke wuta.

"Ka gani," in ji Maikano. "Da ka yi haƙuri."

Kafin hantsi ya yi zafi Haladu ya isa Achika. Tun daga nesa ya hango su jere a gonaki, maza na sara da sungumi, mata da yara na bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba su taɓa yi masa biyayya da sauri haka ba.

Garzali ya dafa sunguminsa yana murmushi. "Yaya Haladu, ashe har duba mu za ka zo? Yau an ga mijin Talatu da sassafe, lallai an hana shi koko."

"Ku tsaya. Kowa ya tsaya."

Ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. Danshin bai wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa ce mai ɗumi. Ya ɗebo ya nuna musu.

"Mu ma mun gani," in ji Garzali. "Babanmu ma ya ce bai yarda da ruwan ba. Amma kai ka ce da safe."

"Tsohon shiri ne. Na shekarar da ta wuce waccan."

"Ka ce bana."

"Banar wancan lokacin."

Mutane sun fara taruwa, wasu da ƙullin iri a hannu, mafi yawa da ledar da ba komai a ciki. Wani dattijo mai suna Labaran ya dube shi daga hula har takalmi.

"Malam, tun yaushe ka daina zuwa gidan rediyon?"

Haladu ya faɗa.

"To wa muke ta ji?"

"Ni ne. Na'ura ce ke maimaitawa."

"Kuma da muke ce maka mun ji ka jiya, kana cewa madalla?"

Labaran ya juya ledarsa ya kakkaɓe, ƙwaya biyu ko uku suka faɗo, ya sa diddige ya rufe su, tunda an riga an fara.

Geron ya tsiro, kyakkyawa, layi-layi, kore shar, yadda ƙungiyar ta yi alkawari. Sama kuwa ta share fuska. Kullum da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi iska, ya wuce ya zubar a wata ƙaramar hukuma. A mako na biyu ganyen ya nannaɗe. A na uku in ka murza shi sai ya zama gari. A kasuwar Juma'a mutanen Achika ba su fasa gaishe da Haladu ba, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Abin da suka daina shi ne tsayawa bayan gaisuwar.

Duk wannan lokacin yana kiran Injiniya Tasi'u, wanda kullum yana hanya. Ranar da hanyar ta ƙare, ya iso da jakar goyo da tabarau, saurayi mai fara'a da bai taɓa riƙe fartanya ba kuma bai ga laifin hakan ba. Ya buɗe ɗakin. Zafi da warin ɓera suka fito tarbar su.

"Baba, ai kai ne tauraronmu. Duk shirye-shiryen nan naka ne kawai ba a ƙorafi a kai."

"Goge shi."

"Gogewa sai da izinin Honarabul. Amma zan iya tura shi can ƙasa, in ɗora sabo a sama. Yi magana a wayata kawai."

Haladu ya gyara murya. Ya daɗe bai yi magana da jama'a ba, kuma abin da ke ransa ya fi ƙarfin minti ɗayan da aka ba shi. Ya ce su yafe masa. Ya ce ruwa bai zauna ba, duk wanda ke da sauran iri, ko na rumbu ne, ya riƙe abinsa, kada kowa ya sake shuka sai ya dawo ya faɗa musu. Sai da ya gama ya tuna.

"Bari in sake, ban sa kwanan wata ba."

"Ba sai ka sa ba, Baba, cajina ya kusa ƙarewa. Ai mako mai zuwa ina nan, mu ɗora na a yi shuka. Na saita shi bayan kowace waƙa sai ya fito."

Ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a jaka, ya shiga hanya.

Saƙon bai fita ko sau ɗaya ba a lokacin. Da yammacin ranar iska ta kayar da turakun wuta a unguwar, taransifoma ta yi ƙara ta yi hayaƙi, Bakin Gada FM ta yi shiru, ba wanda ya kai ƙara.

Sai can damina ta sauko ta gaske. Kwana da kwanaki ana yi, kogi ya ɗaga, kwaɗi suka buɗe baki, hanyar Achika ta zama taɓo. Haladu ya tabbatar da labarin daga tsofaffin abokan aikinsa, ya sake tabbatarwa, ya kira Tasi'u aka ce yana hanya. Ya jira hanyar ƙauyen ta ɗan tsane, ya sa babbar rigarsa, ya hau babur don ya kai musu maganar da bakinsa, kamar da.

A bakin gonar Garzali ya ji kansa. An gyara wuta a Wudil ke nan. Muryar na fitowa daga tsakiyar gona, a gajiye, tana neman gafara, tana cewa kada kowa ya shuka.

Gonar a shuke take. Duk gonakin a shuke suke, da tsohon irin rumbu, har wasu sun fara huda ƙasa. A tsakiyar ta Garzali an kafa sanda, an ɗaure rediyo a kanta, an kifa mata tsohuwar ƙwarya saboda ruwa, an ja waya daga eriyar zuwa saman sandar. Can gaba akwai wata sandar a gonar Labaran, da wata bayanta. Muryoyin Haladu uku ko huɗu na bin juna a fili, ba mai sauraro.

Garzali ya taso daga kan kunya. Suka gaisa, ya tambayi Talatu, ya tambayi hanya.

"Na zo in ce muku ruwa ya zauna," in ji Haladu.

"Allah ya saka da alheri. Mun shuka tun shekaranjiya."

"Wa ya ce muku?"

"Ba wanda ya ce."

Haladu ya nuna sandar da haɓa. "Wancan fa?"

"Zabi ne suka dame mu, su da kurciyoyi, suna tone irin. Mun gwada leda, mun gwada gwangwani. Da aka kawo wuta jiya Labaran ya lura ba sa matsowa in kana magana. Waƙar Honarabul ba ta damunsu, har rausaya suke. Amma kai, da ka ce assalamu alaikum jama'a, sai su watse." Ya yi dariya kaɗan, irin ta wasan ƙanin mata, amma idonsa bai taya shi ba. "Ka ga ba mu yar da kai ba, Yaya."

Muryar da ke kan sandar ta kai inda take cewa sai na dawo na faɗa mu..., ta yanke a tsakiyar kalma. Sauran sandunan ma suka yanke tare, sai shuu.

"Sun ɗauke," in ji Garzali. Ya duba gefen gonar. Zabi kusan goma sun fito daga cikin sabara, suna tafe a hankali, kai ƙasa. "Wannan shuu ɗin sun saba da shi."

Ya ɗauki fartanyarsa ya saɓa a kafaɗa.

"Ni zan leƙa ta fadama, ba kowa a can. In ba sauri kake ba, ka ɗan tsaya a nan ka yi ta magana kafin su kawo."

"In ce me?"

"Ko me. Ba sa bambancewa."

Ya tafi. Haladu ya tsaya a bakin kunya cikin babbar riga, taɓo ya kama masa takalmi. Zabuwar farko ta iso layin farko ta fara tono.