Kududdufin Nasidi

Duk Galadi babu wanda bai yi wa Nasidi dariya ba a kan kududdufin nan, kuma matarsa Mairama ta fi kowa. Ramin da aka ɗebi ƙasar ginin gidansu ne, nan bayan katanga, irin wanda ake cika wa shara har sauro ya hana unguwa sakat. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauke shi tamkar gona. Ya je fadama ya haƙo saiwar jema ya dasa a gefe don kada gaɓa ta zabtare. Ya kawo bado da kainuwa. Ya roƙi masunta ƴan tarwaɗa da gaiwa, ya ɗauko su cikin tulu a bayan keke, ya sake su don su cinye tsutsar sauro. Mairama ta ce mutane na kiwon awaki, ita Allah ya haɗa ta da makiyayin kwaɗi.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan fama. Burinsa, in ji shi, ruwan ya kai ranar da ba ya bukatar hannun kowa: ganye ya ruɓe ya ciyar da kifi, kifi ya tsare sauro, bado ya yi inuwa. Kuma wallahi ya kai. Ruwa ya kwanta garau, balbela suka mai da wurin gida, masu dariya suka koma aiko yara ɗiban saiwar bado. Dokarsa ɗaya ce tak, in ruwa ya ƙafe da bazara kada a taɓa ƙasar ciki. Gaiwa na nan ƙarƙashin busasshiyar laka a naɗe tana barci, saiwar bado ma haka, suna jiran ruwan fari.

Sai ɓarayin daji suka matsa wa yankin. Nasidi da Mairama suka kulle ɗaki, suka tafi Ƙaura Namoda wurin ɗiyarsu Mardiyya, can kusa da tashar jirgi, da niyyar wata biyu. Damina biyu ta wuce. A ta farko ɓarin jikin Nasidi ya shanye, ya koma kwance. Bai tambayi gona ba, bai tambayi rumbu ba. Duk sanda hadari ya haɗu a Ƙaura, tambayarsa ɗaya ce, ko an yi ruwa a Galadi. Mairama ta san abin da ke cinsa. Ya san ba zai koma ba, so yake ya ji cewa abin da ya yi da hannunsa yana nan da rai ba tare da shi ba.

Ranar da Mairama ta ce za ta je ta gano masa, Mardiyya ta yi kuka ta ce hanya ba kyau. Mairama ta ce mutumin da ya jure bakinta shekara arba'in ya ci a yi masa tafiyar yini ɗaya. Ta shiga mota zuwa Shinkafi, daga nan ta hau babur.

Mu'awiya, ƙanen Nasidi, shi bai gudu ba. Ya tarbe ta da murna har da tsokana, wai matar yaya ta zama ƴar birni. Kafin ta gama shan ruwa ya ja ta ya nuna mata katangar gidan, sabuwa fil, an yaɓe ta sumul. Ya ce da daminar bara ta faɗi, shi kuwa ba zai bari yayansa ya dawo ya iske gida a buɗe ba. Shi kaɗai ya tada ta, shi da jakinsa, cikin zafin bazara. Fita bayan gari neman ƙasa kuwa sai wanda ya gaji da ransa, don haka ya ɗiba nan kusa.

Mairama ta zagaya baya wurin kududdufin. Rami ne mai zurfi, ruwa ja kamar kunun kanwa, ba ganye ko ɗaya a kansa. An tumɓuke jema don jaki ya sami hanyar sauka, gaɓa ta zabtare ciki. Sauro ya taso mata da rana tsaka. Mu'awiya na bayanta yana ta bayani, wai ya share ciyawar ma gaba ɗaya, kuma da yana haƙa gaiwa ta yi ta fitowa cikin curin laka, sati guda suna shan romo.

Zagi ya zo mata har bakin leɓe. Da ta juyo sai ta ga tafin hannunsa duk ya tsage, ya rame, yana jiran a ce ya kyauta. Ta ce Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kuka kuwa sai da ta hau babur ta yi shi.

A hanya ta sa mai babur ya tsaya bakin wata fadama, ta tattare zane ta shiga ta tsinko furen bado fari guda. Ba ta taɓa yi wa mijinta ƙarya ba, amma ranar ta ƙudura.

Ta iske shi bayan la'asar, an jingina shi da bango. Ta sa masa furen a hannunsa mai lafiya, ta ce kududdufi na nan cike, bado ya rufe shi, kwaɗinsa na gaishe shi. Nasidi ya yi murmushi da rabin bakinsa, irin wanda rabonta da gani tun Galadi. Daɗin ganin haka ne ya kwashe ta, ta so ta ƙara masa, ta ce har Mu'awiya ya tada katangar da ta faɗi, tsaf da ita.

Murmushin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon furen.

"Ƙasar ina ya ɗiba?"

Mairama ta sunkuyar da kai. Ta nemi ƙarya ta biyu ta rasa.

"Da bazara ya yi aikin, ko?"

"Da bazara, Malam."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya ce a aika wa Mu'awiya da godiya, ya yi abin da ɗan'uwa ke yi. Sannan ya miƙo mata furen, ya ce ta sa shi a kwano da ruwa, tunda an riga an raba shi da inda yake.

Washegari hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mairama ta zauna kusa da shi tana jiran tambayar nan da ta saba gundurarta. Har ruwa ya ɗauke, Nasidi bai tambayi ko an yi ruwa a Galadi ba.