Ƙuri'ar Dakta Datti

Tajuddeen ya rataya ledar shinkafar a ƙarfen ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya har bakin matakala.

"Dakta, ga tapau ɗinka. Na ce wa mamak mai abinci ya rage yaji."

Tari ne ya fara amsawa daga ciki, sannan muryar Dakta Datti. "Allah ya saka. Kar dai ka manta, Litinin ce."

Korona ta kwantar da mutum, numfashi da ƙyar, amma zancensa bai wuce Litinin ba.

Maƙwabta ne a wani tsohon bene a unguwar Setapak, can ƙasar waje, kuma su biyun malaman kwantiragi ne a wata jami'a mai zaman kanta. Duk shekara ake sabunta musu aiki, ko a ƙi, bizar zama kuma a jikin aikin take. Wanda ya kwanta ciwo shi da aljihunsa. Shi ya sa Datti ya ɗauko zancen kafa ƙungiyar malamai, don a zauna da hukumar jami'a a rubuta yarjejeniya ta farko, a sa asibiti a ciki. Baƙo ba ya riƙe muƙami, don haka wata 'yar ƙasa ce shugaba, Datti kuwa naci ne muƙaminsa. Tun da aka kulle gari yake bin malamai a waya ɗaya bayan ɗaya, har Tajuddeen ya haddace jawabin ta bango. Ranar Litinin za a kaɗa ƙuri'a, in ƙungiya ta samu rinjaye dole jami'a ta zauna da ita.

"Dakta, gaskiya ni ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba," in ji Tajuddeen. "Bizata ta kusa ƙarewa, ga matata Walida haihuwa yau ko gobe. In suka gan ni a layi, shi ke nan. Zamana zan yi a gida."

"Babu zaman gida a nan, lah. Duk wanda sunansa ke rajista bai zo ba, a'a ake ƙirga masa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni ko a keken asibiti ne sai na je."

Ran Asabar motar asibiti ta zo. Lahadi da la'asar aka bugo waya cewa Datti ya cika. Ma'aikata cikin fararen rigunan roba ne suka sallace shi, suka binne. Tajuddeen a waya ya kalla, matar Datti, Turai, tana kallo daga Gusau, hoton yana yankewa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko kafaɗa bai sa wa makarar ba.

Litinin da safe Walida ta ga yana ɗaura takalmi. Ta miƙo masa takunkumi.

A ƙofar zauren wani jami'in gudanarwa na jami'ar yana tsaye, hannu a baya, yana duban duk mai shiga. Ya dubi Tajuddeen sosai, Tajuddeen ya gaishe shi ya wuce.

"Dakta Datti ya rasu jiya," ya ce wa matar da ke riƙe da rajista. "Ya kamata a cire sunansa."

"Innalillahi. Amma tak boleh, malam, ba zai yiwu ba. Tun watan jiya aka rufe rajista."

"To me za a rubuta masa?"

Ta gyara takunkuminta. "Bai zo ba."

Tajuddeen ya karɓi takarda, ya zaɓi e, ya jefa a akwati. Da yamma saƙo ya shigo cewa ƙungiya ta tsallake da ƙyar, za a fara zama da jami'a wata mai zuwa. A cikin waɗanda aka ƙirga sun ƙi, har da Datti. Maganar sabunta aikin Tajuddeen kuwa shiru.

A hanyar gida ya biya shagon mamak. Kafin ya yi magana mutumin ya riga ya ƙulle leda uku, tasa da ta Walida da ta ukun.

"Wannan ta Dakta, yaji kaɗan."

Tajuddeen bai gyara masa ba. Ya hau bene, ya rataya ta a ƙarfen ƙofa. Takalman Datti suna nan a jere a ƙasa, ledar tana ɗan lilo a samansu, da ɗuminta.